Giɓin jikka 340: ƙanena ko na'ura, wa za a gaskata?

Abdu Mai Gyara:
Salamu alaikum jama'a. Yau ba hoton waya na kawo muku ba, maganar gida ce. Ƙanena mai bi min, shekara biyu ke nan shina riƙe da kes, wato durowar kuɗi, a wata ajans ta aika kuɗi kusa da babbar kasuwar Maradi. Ran Litinin da ta wuce, ranar kasuwa, wajen la'asar anka ɗauke wuta, rezo, wato hanyar sadarwa, ya yi ta zuwa shina komawa. Wani mai hatsi ya zo aika jikka 340, wato sefa dubu 340, Damagaram. Yaro ya danna, allo ya tsaya cak, ba mesaj ba risi. Ya jira, layi ya yi tsawo, mutane na ta hwaɗa. Ya sake dannawa, sannan risi ya hito. Mai hatsi ya amshi lambarshi ya tahi. Da dare da anka zo rufe kes, na'ura ta ce akwai giɓin jikka 340 cif-cif. Ya ƙirga kuɗin durowa sau ukku. Littafin da shike rubuta kowane aiki da bik ya yi daidai da kuɗin hannu, na na'ura ɗai na bai yi ba.

Washegari shugaban ajans ya kira shi ya ce mishi, na'ura ba ta ƙarya, ba ta da mata ba ta da ɗiya, mi za ta yi da kuɗi? Sun ba shi takarda shi sa hannu kafin Juma'a cewa shi ya ɓatar, a riƙa cire jikka 40 kowane wata cikin albashin da bai kai 80 ba. In ya ƙi, kwamiseriya wajen ƴan sanda. Tsohuwarmu kwana biyu ba ta ci abinci ba. Masu ilimin wanga abu, don Allah mi kunka gani?

Sarkin Fada:
Wane kamfani na? Hwaɗi sunansu mu san inda za mu daina kai kuɗinmu.

Laminu Admin:
Kada wanda ya rubuta sunan kamfani ko na shugaban ajans a nan. Tun watan Yunin 2024 aka maido da ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta Nijar, ɓata suna ta waya shekara 1 zuwa 3 ne. Ban san wa ke ɗaukar hoton allo a cikinmu ba. Wanda ya sa suna zan goge, kuma ba zan ba shi haƙuri ba.

Alhaji Mamman:
Abdu ɗana, Allah shi fidda ku. Amma bari in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Sama da shekara 30 ina da yara a shago, tun muna ɗauko kaya Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Ban taɓa ganin yaron da kuɗi suka yi ƙasa a hannunsa ya ce ni ne ba. Da can ɓera ake ɗora wa, ko a ce ido ya tsallake layi, yanzu kuma an samu rezo. Ni tun da ɗana ya sa mini lissafin sito cikin kwamfuta, buhunan sukari suka daina tafiya da ƙafarsu. Ban ce ƙanenka ya ɗauka ba, ban san shi ba. Cewa na yi kamfani ma yana da hujjar tsayawa kan na'urarsa.

Zara'u Yamai:
Ina wuni Alhaji. Ina wuni Abdu. Aikina ke nan, shekara 6 ina kula da rumbun bayanai, don haka bari in faɗi abin da na hango, ko da yake ban ga tsarinsu ba.

In ma'aikaci ya danna aikawa, wayarsa ko kwamfutarsa takan tura buƙata zuwa babbar kwamfutar kamfani. Can ake rubuta cewa kes ɗin wane ta karɓi kuɗi kaza, sannan a dawo masa da amsa. Tafiya biyu ce, zuwa da dawowa. Rezo na iya yankewa bayan zuwan ya isa, kafin amsar ta dawo. A wajen yaro aiki bai yi ba. A can kuwa ya riga ya shiga. Ya sake dannawa, sun zama biyu. Manhajar da aka rubuta da kyau takan ba kowane aiki lamba tasa tun kafin ya bar hannun ma'aikaci, ta yadda ko sau goma aka danna, can za a gane abu ɗaya ne. In wanda ya rubuta bai yi haka ba, ko ya yi amma da ɓaraka, abin da ya samu ƙanenka shi ke faruwa.

Abin da ya sa na karkata nan: giɓin daidai yake da aikin da allo ya tsaya a kansa, ba ƙari ba ragi. Ɓarawon kes ba ya satar adadin da zai nuna shi da yatsa haka.

Kuma abin ba ya ɓuya. Na'ura tana rubuta komai da kanta, mu muna ce masa jurnal: ƙarfe nawa, minti nawa, daƙiƙa nawa, daga wace kes, zuwa wace lamba. In an buɗe na ranar Litinin aka ga jikka 340 sau biyu zuwa mutum guda cikin minti ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. Sauran tambaya ita ce ina kuɗin na biyun suke. Mai hatsi lamba ɗaya ya tafi da ita. Ke nan ta biyun tana nan ba wanda ya karɓa, kuɗin na kwance a asusun kamfani, ana kuma so a cire su daga albashin yaro. Kada ya sa hannu.

Sarkin Fada:
Ke nan kuɗi na ɗakinsu suna ihun ɓarawo a waje. Allah mai iko.

Zara'u Yamai:
Na ce "in". A buɗe tukuna.

Malam Issufu:
Na daɗe ban yi doguwar magana a nan ba, ku yi haƙuri da ta yau.

Alhaji, maganar da shugaban ajans ya faɗa wa yaron nan, an faɗe ta a Ingila shekara da shekaru, kuma ta ɗaure mutane. A 1999 hukumar gidan waya ta can ta sa wa rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, kamfanin Fujitsu ne ke da ita. Masu riƙe da rassan ƙananan mutane ne kamar ƙanen Abdu, mai ɗan shago a ƙauye da kantar gidan waya a kusurwa. Kwantiraginsu ya ce duk giɓin da ya fito, su za su cika. Sai giɓi ya fara fitowa. Mutum ya kira lambar taimako, a ce masa kai kaɗai ne ke da wannan matsala. Kowa haka aka ce masa, kai kaɗai. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 kan sata ko lissafin ƙarya. Sama da 200 sun shiga kurkuku. Wata mata, Seema Misra, an ɗaure ta a 2010 tana da ciki. Wasu sun sayar da gidaje sun biya kuɗin da ba su taɓa gani ba. Rahoton binciken da ya fito a 2025 ya ce mutum aƙalla 13 ake jin sun kashe kansu saboda abin.

Wanda ya ƙi yarda shi ne wani Alan Bates. Ya ƙi sa hannu kan lissafin da bai gane ba, aka karɓe reshensa a 2003. A 2009 ya tara ƴan'uwansa a zauren taro na wani ƙauye, ranar ce kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Su 555 suka kai ƙara, a 2019 alƙali ya tabbatar manhajar na da kurakurai kusan 30. Zara'u, ki ji wannan: ɗaya daga ciki sunan wani gari na Sukotland aka sa masa, Dalmellington, inda allo ya tsaya, mai reshe ta yi ta dannawa, kowace dannawa na'ura na ƙirga ta sabon aiki, har giɓi ya kai fam 24,000. Ba shi ne labarin Abdu ba?

Wanda ya fi ci mini rai kuwa, hukumar ta yi shekaru tana rantsuwa ba wanda ke iya taɓa lissafin reshe daga nesa, alhali ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga su canja ba tare da mai reshe ya sani ba.

Alhaji Mamman:
A Ingila? Turawan da suka koya wa duniya lissafin banki? To Malam, cikin 900 ɗin nan ba ko ɓarawo ɗaya?

Malam Issufu:
Ƙila akwai, Alhaji, mutane ne. Amma da aka cuɗa su da marasa laifi, ba a ƙara iya rarrabewa ba. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 39 rana guda, a 2024 sai da majalisa ta yi doka ta soke hukuncin mafi yawan saura a lokaci guda. Ba cewa nake ma'aikaci ba ya sata ba. Wanda ke riƙe da jurnal shi ya kamata ya kawo hujja. A can dokarsu ta ɗauka kwamfuta daidai take aiki sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka, alhali ba shi da mabuɗin ɗakin da hujjar take. Shi ne abin da ake yi wa yaron nan a ƙaramin ma'auni.

Alhaji Mamman:
Wannan na yarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ko a shago ban taɓa korar yaro ban buɗe littafi gabansa ba. Su buɗe masa.

Hajiya Rakiya:
Abdu, ka bar Ingila tukuna, Juma'a jibi ce. Na yi aikin akanta shekara 22 kafin in huta, ga abin da za ku yi. Ya rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban ajans, gajeriya, ba zagi ba roƙo: ranar kaza, ƙarfe kaza, aiki kaza, ina neman a ba ni jerin duk ayyukan kes ɗina na ranar kafin in sa hannu a kowace takarda. Kwafi biyu, a buga masa hatimi a tasa da kwanan wata. Littafinsa na bik a yi masa fotokofi yau, asalin ya kwana gidanka, ba ajans ba. Mai hatsin nan a nemo shi, ƴan kasuwar hatsi sun san junansu, a ɗauki hoton risinsa. In sun taɓa albashi ba da yardarsa ba, ofishin sufeton ƙwadago yana nan cikin gari, dokar aiki ta 2012 ba ta bar maigida ya yanka albashi yadda ya ga dama ba. Maganar kwamiseriya kuma barazana ce, wanda ke da gaskiya a jurnal ba ya jiran sa hannu.

Kuma ka lallashi tsohuwa ta ci abinci.

Abdu Mai Gyara:
Na gode Inna Hajiya, Allah shi saka. Yanzu nike kiran shi.

Nuru Ɗalibi:
Ku yi mini afuwa in karkatar da magana kaɗan. Ina shekara ta biyu a fannin anfarmatik nan jami'a. Duk lokacin da na buɗe labarai gabana faɗuwa yake. Meta mai Facebook ta sallami ma'aikata 11,000 a ƙarshen 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a farkon 2023. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira na rubuta manhaja cikin daƙiƙa. Yau kuma na ji ko ka samu aikin, kuskurenka na iya ɗaure ɗan wani. Babana tun farko cewa ya yi in bi shi kasuwa. Na fara jin ko shi ke da gaskiya.

Sarkin Fada:
Ƙane, zo fada mu koya ma dahuwar shayi. Ba na'urar da ta iya na ukku.

Na Bakin Boda:
Nuru, ni daga Katsina nake rubutu, na ɗanɗana abin da ake ce wa aikin intanet, bari in ba ka kaɗan. Wata 7 na yi ina yi wa wani kamfani na waje aikin tantance rubutun Hausa, ka karanta amsar na'ura ka ce wannan daidai wannan shirme. Da dala ake biya, na ɗauka na haye. Ran nan da asuba na buɗe, asusu a kulle, ba sallama ba dalili, kuɗin sati biyu a ciki. Ba ofis, ba lambar waya, ba wanda za ka riƙe wa riga. Ka tura saƙo na'ura ce ke amsa maka, wataƙila ma wadda ka koya wa Hausar.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A watan Maris na 2024 Remotasks, mai ba da irin wannan aiki ta intanet, ta rufe ƙofa ga ƴan Kenya da Najeriya dare ɗaya, kowa ya ji labarin. Kafin nan mujallar Time ta fallasa a Janairun 2023 cewa ƴan Kenya da suka yi aikin tace munanan rubutu don ChatGPT ta hannun kamfanin Sama, abin da ke shiga hannunsu bai kai dala 2 a awa ba. Masu tace Facebook su fiye da 180 sun kai ƙara a Nairobi. Twitter ma ta buɗe ofis a Accra, ba a yi sati ba Elon Musk ya sallami kusan kowa a Nuwamban 2022, haƙƙinsu sai 2024 suka gan shi. Mu a wajensu hannuwa ne masu arha.

Laminu Admin:
Amma ku can kun ɗan taɓa su ai. Ba Najeriya ce ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 ba?

Na Bakin Boda:
An ci, kotu ma ta tabbatar a 2025. Sai Meta ta ce in an matsa za ta iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ka ga matan da ke sayar da atamfa da turare ta nan hankalinsu ya tashi, su suka fara cewa gwamnati ta yi haƙuri. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ke nan. To ku da ba ku kai 30 ba, da me za ku tsorata su?

Zara'u Yamai:
Nuru ƙanena, saurara. Wanda Google ta sallama a Kalifoniya ba layinku ɗaya ba, kada labarinsa ya hana ka barci. Kai duba inda kake tsaye. Maradi gari ne na Alhazai masu juya miliyoyi, da yawansu har yau lissafinsu na cikin littafi da kan yaro guda, in ya yi zazzaɓi shago ya tsaya. Kilinik, famasi, makarantu masu zaman kansu, masu motocin jigila, duk suna buƙatar wanda zai tsara musu bayanai ya kuma tsaya a kai. Tun da Starlink ta fara aiki a ƙasar nan a 2025, ga masu neman wanda zai ja musu rezo ya raba a ƙauyuka. Ƙirƙirarriyar basira ina amfani da ita kullum, tana rubuta mini cikin minti biyar abin da da sai in wuni. Amma ba ta san wuta na ɗaukewa da la'asar ranar kasuwa ba sai ka gaya mata. Manhajar da aka rubuta don garin da rezo ba ya yankewa, a kawo ta nan, ita ke haifar da irin na ƙanen Abdu. Wanda ya san wannan ya kuma iya gwada shi, ba ya rasa abin yi.

Ba zan yi maka ƙarya kan kuɗi ba. Shekarata ta farko estaj, wato koyon aiki, na yi kyauta, har kuɗin kabu-kabu daga gida ake aiko mini. Kuma duk ofishin da ka shiga kai ne mai gyaran firinta, kai ne mai sa wa direkta WhatsApp a sabuwar waya. Ka koyi rumbun bayanai da rezo sosai, ka koyi Turancin Ingilishi don takardun duk da shi suke. Kasuwar babanka ma kada ka raina ta, shi ne abokin cinikinka na farko.

Malam Issufu:
Na yarda da duk wannan, sai dai in ƙara abu ɗaya da nake gaya wa ɗalibaina. A shari'ar Horizon, abin da ya karya hukumar ba lauya kaɗai ba ne. Wani tsohon ma'aikacin Fujitsu, Richard Roll, shi ya fito ya ce e, muna shiga lissafin rassa daga nesa. Wani injiniyan kuma na kamfanin shi ke zuwa kotu yana ba da shaida manhaja lafiya lau, ana ɗaure mutane da bakinsa. Ilimi ɗaya, ofis ɗaya. A kamfanin da ƙanen Abdu ke aiki, na tabbata akwai wani yaro kamar Nuru da in ya buɗe jurnal minti biyar zai ga gaskiya. Wataƙila ma ya riga ya gani. In ya yi shiru, yana da kaso cikin zunubin.

Zara'u Yamai:
Malam, da girmanku, a nan ba mu tare. Ku ma'aikacin gwamnati ne, ƙarshen wata albashinku na zuwa ko kun faɗi gaskiya ko ba ku faɗa ba. Yaron da kuke magana yana kan kwantiragin wata 6, haya na jiransa, ƙannai na lakwal. Kamfanonin da ke ɗaukar irinmu a Yamai ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma shugabanninsu tare suke shan shayi. Ka yi magana sau ɗaya, sunanka ya zagaya. Richard Roll ɗin ma sai da ya bar aikin da shekaru sannan ya buɗe baki.

Kuma in abu ya ɓaci ƙaramin ake miƙawa. Ku tuna Volkswagen a 2015, motoci miliyan 11 da aka sa wa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi. Wa aka fara ɗaurewa a Amurka? Injiniya, James Liang, wata 40. Shugaban kamfanin na lokacin, Winterkorn, sai 2024 aka fara shari'arsa a Jamus, ba a je ko'ina ba aka dakatar saboda rashin lafiya. Ni abin da nake yi, kuma shi nake koya wa na ƙasa da ni: duk kuskuren da na gani ina rubuta wa shugabana a imel, da kwanan wata, in ajiye kwafi. Ranar da za a tambaya, ba za a ce ban faɗa ba. Fiye da haka ba na ɗora wa yaro.

Malam Issufu:
Imel ɗin da ke kwance a akwati ba ya fitar da kowa daga kwamiseriya, ƴata.

Zara'u Yamai:
Korarren injiniya ma ba ya fitar da kowa, Malam. A sa doka ta tilasta wa kamfani buɗe jurnal in an tuhumi ma'aikaci, kada a bar shi ga jarumtar yaro mai jikka 150. BCEAO, babban bankin sefa, ita ce ke sa ido kan harkar aika kuɗi, tana da reshe nan Maradi. Muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Muna da ARCEP ta sadarwa. Su aka ɗora wa, su ke da hatimi.

Malam Issufu:
Hukuma ba ta ganin abin da ba a kai mata ba. Wa zai kai?

Alhaji Mamman:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa ba za ku gama ba. Ni tambayata daban. Ɗana da ya sa mini lissafi a kwamfuta, ke nan shi ma yana iya shiga ya canja ban sani ba?

Sarkin Fada:
Alhaji ya hwarka! Yau wani ba shi kwana lahiya gida.

Zara'u Yamai:
Yana iyawa, Alhaji, in shi ke riƙe da babban mabuɗi. Ba zargi ba ne, haka abin yake. Ku ce ya buɗe wa kowane yaro lambar shigarsa daban, kuma kowane dare a buga muku lissafin ranar a takarda ku ajiye a wajenku. Abin da aka buga jiya ba ya canzuwa yau.

Alhaji Mamman:
Ashe dai littafin nan ba a rabuwa da shi.

Nuru Ɗalibi:
Yaya Zara'u na gode. Yaya ake gwada abin nan na danna sau biyu? Ina so in gwada a manhajar da muke rubutawa ta aikin aji.

Zara'u Yamai:
Danna aikawa, kafin amsa ta dawo ka kashe data. Kunna, sake dannawa. Je ka ƙirga layi nawa suka shiga rumbu. In biyu ne, ka san abin da za ka yi a ƙarshen satin nan.

Abdu Mai Gyara:
Jama'a ga inda munka kwana. Jiya ya kai wasiƙa. Da hwarko shugaban ya ƙi amsa, ya ce shi ba a yi mishi takarda. Da ya ga ni da kawunmu tsaye bakin ƙohwa sai ya buga hatimi. Ya ce jurnal ba shi hannunshi, sai an tambayi Yamai, kuma su can ba su ba ma'aikaci irin wanga abu. Takardar sa hannu dai ya maida ta durowa, bai sake zancen kwamiseriya ba. Amma sun dakatar da yaro, sun ce shi zamna gida har a gama bincike, ba su ce ko da albashi ko babu ba. Mai hatsi mun same shi, mutumen kirki na, ya ce ɗan'uwanshi sau ɗai ya amshi kuɗi Damagaram, kuma in ana son shaida shina zuwa da ƙahwarshi.

Hajiya Rakiya:
Dakatarwar a rubuce suka ba shi ko da baki?

Abdu Mai Gyara:
Da baki.

Hajiya Rakiya:
To gobe da safe ya je aiki kamar kullum, ya gaishe su, ya ce a ba shi a rubuce. In ba haka ba nan da sati za su ce shi ya gudu.

Habsu Tasawa:
Salamu alaikum, ni ban cika magana a nan ba, karatu nake. Abdu, in ba damuwa ka faɗa mini sunan kamfanin ta gefe. Mijin ƙanwata a nan Tasawa irin haka ta same shi da azumin bara, jikka 125, shi ma allo ne ya tsaya. Ya sa hannu, wata 5 ana cirewa. Har yau ƴan'uwa na kallonsa da abin. Shi ma ce masa aka yi ba a taɓa samun haka a wata ajans ba.

Malam Issufu:
Habsu, tambaye shi ko yana da risin ranar, ko ko da kwanan watan ya riƙe.

Laminu Admin:
Ta gefe don Allah, kada a sa a nan.

Abdu Mai Gyara:
Na turo miki. In shi na, ki ba ni lambarshi, gobe bayan Juma'a in kira shi.

Habsu Tasawa:
Na gani. Bari in je gidansu, ba ya buɗe data sai dare.